Iyafis mai kashe ƙara na maganin janareta, amma majinar abokin aiki ta fi ƙarfinsa

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko da ƙurarsa, da wuya a shiga ofishin da mutum shida ko takwas ke zaune a kudancin Kaduna ba a ji sautin mura ba. A Barnawa ne, ko a wani reshen banki a kan hanyar Kachia, ko a shagon buga takardu a Sabon Tasha, abin iri ɗaya ne: wannan yana jan majina duk bayan minti guda, wancan yana gyaran murya kamar zai fara jawabi amma ba ya farawa, wata kuma shaƙuwa ta kama ta tun bayan abincin rana. Ga mai gyatsa, ga wanda cikinsa ke ƙugi kafin sha biyu.

Yawancin mutane sukan ji, su manta. Wasu kuwa ba sa iyawa. Da zarar kunnensu ya kama sautin, aiki ya tsaya ke nan, sai zaman jiran na gaba. Ga shi babu damar magana, domin mai majinar ba da gangan yake yi ba, sau da yawa ma babba ne, Oga ne ko wata Anti da ta haifi mai jin haushin. Saboda haka matashi mai waya kan nufi wajen masu sayar da kayan waya a Television ko Sabon Tasha, ko ya tsallaka gada zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya ce a ba shi iyafis ɗin da ke kashe ƙara. Ya biya kuɗin da ya ji a jikinsa, ya dawo ofis, ya danna. Ƙarar janareta ta ɗauke ɗif. Majinar kuwa tana nan, har ta fi ta jiya fitowa fes.

Ba jabu aka sayar masa ba. Haka fasahar take.

Yadda ake kashe sauti da sauti

Abin da ake rubutawa ANC a jikin kwali tsohuwar dabara ce. Wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya samu rajistar mallakarta a Amurka tun 1936. Kamfanin Bose ya fitar da hedifon ɗin matuƙa jirgin sama mai wannan fasaha a 1989, Apple ya saka ta a AirPods Pro a 2019, yanzu kuma ta sauko har kan irin su Oraimo FreePods 4 da ake samu a kasuwanninmu.

Sauti girgizar iska ce, tana matsewa tana sakewa. A jikin iyafis akwai 'yar makirfo da ke sauraron ƙarar waje, sai ƙwaƙwalwar na'urar ta ƙirƙiro kishiyar wannan girgizar: inda ta waje ta matse, tata ta sake, inda ta waje ta sake, tata ta matse. Idan suka haɗu a bakin dodon kunne sai su cinye juna.

Matsalar tana wajen daidaita su. Sauti mai kauri, irin na janareta ko na'urar sanyaya ɗaki ko injin tirela a hanyar Abuja, yana girgiza a hankali. Wanda ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa tsawon zangonsa ya haura mita 3, don haka ko na'urar ta ɗan makara, kishiyar za ta faɗa kusa da inda ake so. Kuma ƙarar ba ta canzawa, abin da aka ji yanzu shi za a ji anjima. Jan majina da atishawa da tsakin harshe ba haka suke ba. Sirara ne, gajeru, ba sa sallama. Sautin da ke kaɗawa sau 4,000 a daƙiƙa zangonsa bai kai santimita 9 ba, kuskure kaɗan ya isa ya ɓata lissafin. Shi ya sa ƙarfin ANC ya fi yawa a ƙasa da girgiza 1,000 a daƙiƙa, daga nan ya fara raguwa.

Sai kuma abin da mai shago ba zai faɗa ba. Ƙarar janaretan nan da fankar sama da ake tsana, su ne suke lulluɓe ƙananan sautukan ofis. Da iyafis ya share su, an yaye bargon ke nan. An gudu gara, an tarar da zago.

Ba sai da iyafis ba ma ake ganin haka. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ƙananan ofisoshi da shaguna da dama suka koma sola da inbata. Aljihu ya huta, kunne ma ya huta, amma ɗaki ya yi tsit, numfashin kowa ya fito fili. Abin da ban mamaki a wannan yanki na gari. A Kakuri, inda masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957 har zuwa rufe ta a 2002, iyaye da kakanni sun yi rayuwarsu cikin rugugin injinan saƙa da sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji. Jikokinsu suna zaune gaban kwamfuta, haɗiyar yawun maƙwabci ta hana su sakat.

Idan abin ya wuce haushi

Akwai bambanci tsakanin wanda sautin ke ɗan damu da wanda ke jin zuciyarsa na bugawa, gumi na tsatstsafo masa, yana ji kamar ya shaƙe mai tarin ko ya fice da gudu. Na biyun yana da suna a wajen masana: misofoniya, wato tsanar sauti. Pawel da Margaret Jastreboff, masu binciken ji a Amurka, su ne suka raɗa sunan a 2001.

A 2017 ayarin Dakta Sukhbinder Kumar na Jami'ar Newcastle da ke Ingila ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan matsala da marasa ita, ana kunna musu sautuka iri uku. Saukar ruwan sama ba ta dami kowa ba. Kukan jariri da ihu sun ɓata wa kowa rai, kamar yadda aka zata. Amma da aka zo kan sautin tauna da numfashi, sai sashen ƙwaƙwalwa mai tantance abin da ya cancanci a maida hankali a kai ya harzuƙa a wajen masu misofoniya kaɗai, bugun zuciyarsu ya ƙaru, gumi ya biyo baya. Ke nan ba ƙarfin sautin ba ne ke tayar da hankali, irinsa ne. Wani bincike da aka buga a 2023 a kan mutum 772 a Birtaniya ya gano kusan 18 cikin 100 na da alamun da suka kai su takura musu rayuwa, kuma mafi yawan waɗanda aka tambaya ba su taɓa jin kalmar ba.

Wannan ya kamata ya sauƙaƙa wa kowane ɓangare. Mai jin haushin ba lallai ne mai tsirfa ko mai girman kai ba, kamar yadda za a yi saurin cewa a ofis. Shi ma mai majinar bai yi laifin komai ba.

Abin da ke aiki

Na farko shi ne abu mafi arha a cikin kwalin, wanda mutane ke zubarwa: robobin bakin iyafis. Yawanci sukan zo girma uku. Sirirun sautuka toshewa ce ke tare su, ba ƙwaƙwalwar na'ura ba, don haka iyafis na waya mai araha da robarsa ta zauna daram a kunne zai iya fin mai tsada da ke lilo. Irin wanda ba shi da roba, mai ratayuwa a bakin kunne kawai, ba shi da amfani a wannan yaƙin. Hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya ya fi tarewa, sai dai in Maris da Afrilu suka zo da zafinsu, mai shi zai gane kurensa. Toshe kunnen ma yana da nasa abin: mutum zai fara jin taunarsa da haɗiyarsa da ƙarfi, tun da sautin jikinsa ya rasa hanyar fita.

Na biyu shi ne a mayar da bargon da aka yaye, amma mai laushi. Sautin ruwan sama, ko shuuu irin na rediyon da bai kama tasha ba, ya bazu a kan kauri da siranta duka, don haka yana haɗiye jan majina fiye da waƙa. Waƙa tana da gaɓoɓin shiru, kuma a nan ne tarin ke kutsowa. Masu iPhone suna da wannan kyauta tun daga iOS 15 na 2021: a shiga Settings, sai Accessibility, sai Audio & Visual, sai Background Sounds, a zaɓi ruwan sama ko teku ko ƙorama. Masu Tecno da Infinix da Samsung za su samu manhajoji irin su myNoise a Play Store, ko su sauke fayil ɗin sauti sau ɗaya su sa shi maimaitawa. Kunna bidiyon awa takwas a YouTube kullum ɓarnar data ce kawai. Idan aka haɗa ukun, roba mai kama kunne, ANC ya ɗauke janareta, sautin ruwa ya rufe saura, sai a ga ba a buƙatar ƙure murya.

Ƙure muryar nan ita ce haɗarin gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin barazanar rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Idan aka kai desibel 90, abin da ya rage awa 4 ne kacal a makon gaba ɗaya, rabin yinin aiki ɗaya ke nan. Wanda ya ƙure waƙa daga takwas na safe zuwa huɗu don ya guje wa tarin wani, kunnensa yake bayarwa fansa, kuma jijiyoyin ji idan sun mutu ba sa dawowa. Gargaɗin da wayar Android ke fitarwa idan murya ta haura wani mataki ba don ado aka sa shi ba. Manhajar Health ta iPhone kuma tana nuna yawan desibel ɗin da kunne ya sha a mako.

A kula da haruffa wajen saye. ENC daban, ANC daban, kuma a kasuwa ana cakuɗa su, wani lokaci cikin rashin sani, wani lokaci da sani. ENC yana tace ƙarar da ke shiga makirfo ne don wanda ake waya da shi ya ji murya sarai. Mai iyafis ɗin ba ya amfana da komai a kunnensa. Gwajin ba wuya: a sa shi a kunne a cikin shagon, ba tare da kunna komai ba, a danna ANC. In ƙarar janaretan kasuwa ba ta faɗi nan take ba, a ajiye.

Masana ji suna kuma gargaɗin kada a mayar da toshe kunne ɗabi'ar yini guda. Kunnen da ya saba da shiru yakan ƙara tsini, sautukan da ake gudu su ƙara zafi idan an cire. Awa ɗaya ko biyu na aikin da ke son natsuwa ya wadatar. Wanda abin ya kai shi ga faɗa da mutane ko tunanin ajiye aiki, akwai masu ilimin halayyar ɗan Adam a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, kuma zuwa can ba ya nufin hauka, ko me mutanen unguwa za su ce. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa ma tana nan cikin Kaduna, a tsallaken kogi, ga mai son a auna jinsa.

Shi kuma mai tarin fa?

Wayar da ke kunna sautin ruwan sama ita ce kuma ke ɗaukar murya, kuma akwai masu naɗar gyatsar abokin aiki su tura zauren WhatsApp ko su ɗora a TikTok da hoton dariya. Wannan tozarci ne, ba raha ba. Abin da aka tura wa mutum biyar da safe yakan isa wajen mai shi kafin la'asar. A ofisoshin wannan ɓangare na Kaduna, inda Bajju da Bahaushe da Gbagyi da Ibo da Bayarabe ke raba tebur ɗaya, ƙaramin izgili yana iya samun fassarar da wanda ya fara shi bai taɓa nufa ba.

Magana a keɓe ta fi, kuma a shigo ta ƙofar lafiya. "Oga, sannu da murar nan, ta kwana biyu fa, an kuwa ga likita?" ya fi kowace ƙorafi wajen manaja saurin aiki. Kuma ba dabara ce kawai ba, domin sautin da ke ba wani haushi sau da yawa alama ce. Yawan gyaran murya na iya zama ƙwannafi ko majinar da ke gangarowa maƙogwaro. Busasshen tari da ya ƙi ƙarewa yana cikin sanannun illolin wasu magungunan hawan jini irin su lisinopril, kuma likita na iya canza su. Akwai asma da ƙura ke tayarwa. Akwai masu wata larurar jijiya da ke sa su fitar da sauti ko su motsa ba da sonsu ba, waɗanda in an matsa musu su daina, abin ƙaruwa yake.

Tarin da ya kai mako biyu kuwa ya tashi daga batun haushi, musamman a ɗakin da aka rufe tagogi saboda ƙura ko sanyin na'ura. Ƙa'idar hukumomin lafiya a Nijeriya ita ce a je gwajin tarin tibi, wanda ake kira tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, kuma ana kiran lambar 3340 ba tare da an ci kati ba don a san cibiya mafi kusa.