Ƙofofi Uku Da Ke Tare Mai Gwajin Ƙarfin Wayar Android

Duk mai bibiyar harkar wayoyi ya saba jin ana cewa waya kaza ta ci maki kaza a AnTuTu ko Geekbench. Bayan waɗannan manhajoji da kowa ya sani, injiniyoyi kan rubuta nasu ƙananan shirye-shiryen awo, su haɗa su a kwamfuta, su tura cikin waya ta kebul da wani kayan aiki mai suna adb, domin su ga saurin ƙwaƙwalwar waya da yadda take cin batir. Sau da yawa tun ba a fara awon ba aiki ke tsayawa cak, allo ya nuna kalmomi biyu: "Permission denied", wato an hana izini.

Android a kan Linux yake zaune, shi kuma Linux ya gaji tsarin izininsa ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969. A wannan tsari kowane fayil yana da mai shi, da ƙungiyar da aka jingina shi gare ta, da sauran jama'a. Izinin karantawa maki 4 ne, na rubutawa 2, na kunnawa 1, kuma jimillarsu ake rubuta wa mai fayil, ƙungiya da sauran jama'a bi da bi. Idan ka ga 755, mai fayil na da duka ukun, sauran kuwa su karanta su kunna kawai. Idan 644 ne, ko mai shi ba zai iya kunna shi ba.

Ƙofar farko tana kan kwamfutar mai aikin. Git, ma'ajiyar da masu rubuta manhaja ke tara ayyukansu, yana tuna ko fayil na kunnawa ne, da lambar 100755, ko na karatu ne, da 100644. Amma fayil ɗin da ya bi ta filashi mai tsarin FAT32, ko aka ƙirƙire shi a Windows, yakan iso babu wannan alama. Shi ya sa ɗan fayil ɗin gradlew, wanda ke tayar da ginin manhajojin Android, ya yi ƙaurin suna wajen ƙin tashi. Maganinsa umarnin chmod +x, sannan a adana gyaran a Git don kada abokin aiki ya faɗa rami ɗaya. Wani kuma cikin gaggawa sai ya yi ginin da sudo, umarnin da ke ara wa mutum cikakken iko. Aikin zai tafi a ranar, amma fayilolin da suka fito sun zama mallakar root, babban mai iko. Washegari mutum ya dawo da sunansa na yau da kullum, ya tarar ko goge su ba zai iya ba sai ya maido da mallakarsu da chown.

Ƙofa ta biyu ita ce inda aka sauke kayan a cikin waya. Sabon hannu yakan jefa shirin awon a /sdcard, inda hotuna da waƙoƙi suke. Ba a yarda a kunna komai daga nan ba, ko sau goma ka buga chmod ba za ta sauya zani ba. Wurin da aka tanada shi ne /data/local/tmp, mallakar shell mai lamba 2000, wato sunan da adb ke shiga waya da shi. Can ake tura fayil, a ba shi 755, a kunna, sannan a kwaso sakamako da adb pull.

Ta uku ta fi ruɗa mutane, domin lambobin izini za su nuna komai daidai amma ƙofa na rufe. Wannan aikin SELinux ne, mai gadin da ya shigo Android 4.3 a 2013 yana rubuta laifi kawai, kafin ya fara hanawa gaba ɗaya a Android 5.0 a 2014. Shi laƙabin tsaro yake dubawa, na fayil da na mai neman taɓa shi, kuma idan ya hana yakan bar shaida a logcat, kundin da waya ke rubuta abin da ke faruwa a cikinta, da kalmomin "avc: denied". Daga Android 10 na 2019 aka ƙara ɗaure ƙulli: manhajar da aka gina don wannan zubi ba za ta kunna fayil daga ɗakin ajiyarta ba, dole shirin ya zo ƙunshe cikin manhajar tun daga gini.

A nan ne gajen haƙuri ke sa wasu su buga chmod 777, ko su kashe SELinux, ko su fasa wayar su karɓi ikon root. Garin neman gira sai a rasa ido. 777 ta buɗe wa kowa damar sauya fayil ɗin, har da sakamakon awon. Wayar da aka kwance wa tsaro kuma ta daina kama da wadda ke aljihun jama'a, don haka makin da ta bayar na iya ɓatar da mai saye. Gaskiya ne akwai inda ake buƙatar root, kamar daidaita gudun ƙwaƙwalwar waya a mataki ɗaya don zafi kada ya riƙa jujjuya alƙaluma. Wanda ya yi haka, wajibi ne ya faɗa a rahotonsa.

Saboda haka idan allo ya ce an hana ka izini, dakata ka bincika. Umarnin ls -l zai nuna maka mai fayil da lambobinsa, mount zai gaya maka dokar wurin da ka ajiye shi, ls -Z da logcat su tona abin da SELinux ya gani. Gano ƙofar da ta tare ka, ka buɗe ita kaɗai, sauran ka bar su a rufe.