Haruffa Masu Lanƙwasa a Madannan Wayar Salula

Ana gane kyawun tsarin na'ura ne idan mai amfani da ita ya sami abin da yake bukata ba tare da lalube ba. Alal misali, malamin firamare a Dalijan ta ƙasar Gwandu, in zai aika saƙon Hausa, yana bukatar ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930. Ƙananan wayoyi da yawa ba su da su, sai "ƙarya" ta koma "karya", "ɓari" ya koma "bari". Madannan Gboard na Hausa kuwa sun tanade su. Saboda haka, wani kuskuren ƙa'idar rubutun, maƙerin waya ne ya jawo shi.