Olelewa: a gyara gida tun ruwan tabki bai ƙafe ba

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu iya magana. A ƙasar Damargu kuwa, abin da ke bin tsagar bango ya shiga ɗaki shi ne ruwan sama. Shi ya sa da zarar an ɗaure damman hatsi an kai rumbu, magidantan komin ɗin Olelewa sukan juya ga wani aikin da ba a yi masa gangami, amma wanda ya yi sakaci da shi sai ya ji a jikinsa: yaɓen bango, gyaran rufi, kula da bisashen gida, da saƙar kaba da mata ke yi a tsakar gida. Ayyukan nan a sarƙe suke da juna, kuma dukkansu sun dogara ga ruwa, itace da jaki.

Komin ɗin Olelewa na cikin gundumar Tanut, a jahar Damagaram. Hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Agadas ta ratsa shi ta Bakin Birji da Sabon Kafi, kuma ƙidayar shekara ta 2012 ta sami mutum sama da dubu 100 a cikinsa, Hausawa, Dagirawa, Buzaye da Fulani. Tun zamanin ayari an san Damargu a matsayin rumbun Abzin. Bajamushen nan Barth ya ratsa ƙasar tare da ayarin Abzinawa a watan Janairun 1851, lokacin da hatsinta ke ciyar da mutanen duwatsun arewa. A yawancin shekaru ruwan da ke sauka a nan ba ya kai milimita 400. Sai dai ƙarancin ruwa bai hana shi ɓarna ba, domin yakan zo a dunƙule, da iska, cikin dare ɗaya.

Shekara ta 2024 ta tunatar da kowa haka. Ambaliyar daminar ta kashe kusan mutum 400 a faɗin Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga watan Oktoba saboda azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka rushe. A cikin birnin Damagaram, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, wanda aka gina tsakiyar ƙarni na 19, ya zube a farkon watan Satumba. In ginin sarakuna ya kwanta, ina ga ɗakin talaka da ya shekara uku bai ga yaɓe ba?

Kwanaki ƙidayayyu

Ginin ƙasa ba a gama shi rana ɗaya, kowace shekara ake sake taɓa shi. Ruwan damina yakan wanke yaɓen bangon gabas, inda hadari ke bugowa, ya ci gindin katanga inda ruwa ke kwanciya, ya buɗe tsaga a kan soro kusa da indararo. Mai hankali yakan zagaya gidansa da kaka yana duba waɗannan wurare uku kafin ya duba komi.

Abin da baƙo ba ya ganewa shi ne dalilin gaggawar. A Damargu rijiyoyi suna da zurfi ƙwarai, wasu sai an ɗaura wa jaki ko raƙumi igiyar guga ya ja. Ruwan da aka samu da wannan wahala na sha ne, na tuwo ne, na bisashe ne. Babu matar da za ta yarda a zuba shi a kwaɓin ƙasa. Saboda haka lokacin gini shi ne ɗan tsakanin da ke akwai daga ƙarshen girbi zuwa ƙafewar tabkuna. A bakin tabki ake haƙar laka, a can ake buga tubali a shanya, daga can ake jido ruwa. Ranar da tabki ya koma busasshiyar laka, sai dai mai kuɗi ya sayi ruwa a amalanke, ganga bayan ganga, ko kuwa ya haƙura sai baɗi.

Kwaɓin ma yana da ilminsa. Ana haɗa laka da ƙaiƙayin hatsi ko yankakkiyar ciyawa, a zuba kashin jaki ko na shanu, a tattaka, a bar shi ya kwana biyu ko uku yana ruɓa kafin a shafa. Ciyawar ce ke hana yaɓe tsagewa in ya bushe, kashin dabba kuma yana ƙara masa danƙo. Wanda ya kwaɓa da safe ya shafa da rana, ruwan farko zai kwashe masa aikinsa. Wasu masu hali sukan shafe bangon ƙasa da siminti suna zaton sun huta ke nan. Magina sun san abin da ke biyo baya: siminti ba ya kama laka, danshi yakan ɓuya a bayansa yana cin bango a asirce, wata rana sai a ga ɓawon ya faɗo gaba ɗaya.

Ga kuma wata matsalar da ta fi ta laka. Lokacin gyaran ya yi daidai da lokacin da samari da magidanta ke ɗaura kayan cin rani, wasu zuwa Kano, wasu Agadas, Libiya ko Aljeriya, wasu kuma, tun daga shekara ta 2014, wuraren haƙar zinariya na Jado. Gayyar da a da kan tashi ɗaki cikin yini guda ta yi ƙaranci. Gidaje da dama sai mata, yara da tsofaffi, kuma kuɗin da ɗan cin rani zai aiko sau da yawa yakan iso bayan tabki ya ƙafe.

Itacen rufi ya yi wuya

Bango ƙasa ce, ƙasa kuwa ba ta ƙarewa. Rufi shi ne ciwon kai. Soro na bukatar manyan itatuwa da za su ɗauki nauyin laka, sannan ƙananan sanduna a jera a kansu, sannan tabarma ko zana, sannan ƙasa. Azarar giginya, wadda gara ba ta ci, ba ta fitowa a Damargu. Sai an kawo ta daga nesa da tsada. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa, gatari ya ƙarasa saura. Yau mai gini yakan yi amfani da abin da ya samu: reshen dogon yaro, karan tumfafiya, ko ɗanyen icen da gara za ta gama da shi cikin ƴan shekaru. Yawancin rufin da ke faɗa wa mutane cikin dare daga nan ciwonsa ke farawa, ice ya ruɓe a ɓoye, laka ta sha ruwa ta yi nauyi.

Kwano ya zama mafita ga mai iko, amma farashinsa na bin iskar siyasa da ta kan iyaka. Tun karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 talaka ya san haka. Rufe iyakar Najeriya daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun sake nuna cewa kayan ginin da ke zuwa daga Kano na iya yankewa ba tare da sallama ba. Ga shi kuma ɗakin kwano a watan Afrilu tanda ne.

Akwai hanyoyi biyu da aka riga aka gwada a ƙasarmu. Ta farko ginin da ba ya bukatar ice, inda ake lanƙwasa tubali ya zama rufi da kansa, dabarar da ta samo asali daga ƙasar Nuba ta bakin kogin Nilu. An fara ta a Cikal, yankin Filinge, a 1980, daga baya ta kai Iferwan da wasu garuruwa. Tana son magini da ya sami horo sosai, kuma ita ma ba ta yafe yaɓen shekara. Ta biyu ita ce sassaben zamani, wato manomi ya bar tohon itatuwan da ke fitowa a gonarsa, ya rage rassa, ya rena su. Da wannan dabara, wadda ta bazu daga Maradi tun shekarun 1980, aka raya kimanin kadada miliyan 5 a Nijar, akasari a kudancin Maradi da Damagaram. Dokar da gwamnati ta ɗauka a watan Yulin 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan icen da ya rena. Wanda ya bar gawo, aduwa ko magarya a gonarsa bana, ya ajiye wa ɗansa rufin ɗaki.

Jaki, akuya da kyanwa

A birni ana kiwon dabba don sha'awa. A Olelewa kowace dabbar gida da aikinta. Kyanwa ce mai gadin rumbu, kare na gadin garke, tantabaru kuwa, waɗanda yara ke yi wa gida da tsofaffin tukwane a kan katanga, su ne makarantar farko ta kiwo da ciniki. Akuya asusun mace ce, ragon turke kuma jarin Layya.

Amma babban ma'aikacin gyaran gida jaki ne. Shi ke ɗauko laka, shi ke jan amalanken ruwa, kashinsa kuma ya shiga kwaɓi. Ƴan kasuwa ba su manta da shekara ta 2016 ba, sa'ad da neman fatar jaki don kai wa ƙasar Sin ya sa aka fitar da jakai kusan dubu 80 daga Nijar cikin watanni, alhali a 2015 dubu 27 aka fitar. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, har gwamnati ta hana fitar da su. A watan Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta haramta yanka jakai don fatarsu a nahiyar baki ɗaya. Gidan da ya sayar da jakinsa don kuɗin yini ɗaya, uwargida ce za ta ɗauki tulu a ka shekara da shekaru.

Hunturu, wanda ke zuwa daidai da lokacin gini, shi ne kuma lokacin annobar kaji, mai share akurki cikin mako guda. Allurarta na da araha in an yi ta kafin sanyi ya shigo. Haka nan kada a yi wasa da cizon kare: a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya likita, domin haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba ya da magani.

Kaba a hannun mata

Da azahar, in an gama daka, mata sukan zauna a inuwa da ƙunshin kabar goriba. Daga hannunsu tabarma ke fitowa, da faifai, da igiyar ɗaure akuya, da mangalar jaki. Mai kallo zai ce hira ce ake yi, alhali rabin kayan gyaran gida a wurin ake yin su: tabarmar da za a shimfiɗa ƙarƙashin lakar rufi, igiyar da za a ɗaure jinkar rumbu, duk aikinsu ne. Maza kuma su saƙa zana da gamba. Abin da ya yi saura a kai shi kasuwar Bakin Birji. Kuɗin tabarma ke shiga asusu, irin na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a Maradi a 1991. Asusu ya sayi ƴar akuya, akuya ta haihu, a sayar da ɗan bunsuru a biya magini.

Wannan sarƙa ma tana cikin haɗari. Tabarmar leda da igiyar roba sun cika kasuwa da araha, ita kuwa goriba in ana yanke kabarta tun tana ƙarama ba za ta taɓa miƙewa ta zama itace ba. Mutanen Gulbin Kaba, wajen Mayahi da Tasawa, sun daɗe da sanin wannan.

Kira ga masu ruwa da tsaki

A cikin wannan komin ne matatar man SORAZ take, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011, mai ƙarfin tace ganga dubu 20 a yini, kuma daga cikin abin da take fitarwa har da iskar gas ta girki. Duk kwalbar gas da ta shiga gidan ma'aikaci ko ɗan kasuwa a Tanut da Damagaram, amalanken ice guda ne ya tsira a dajin Damargu. Ya kamata masu albashi su fara da kansu.

Ga hukumomin komin, aikin a fili yake: yashe tabkuna don su daɗe da ruwa, keɓe wuraren haƙar laka nesa da gidaje da hanyar yara, da nema wa samari horon ginin da ba ice. Ma'aikatan gandun daji su shiga ƙauyuka su bayyana wa manoma dokar 2020 da harshen da suke ji, don mutum ya daina tsoron icen da ya rena da hannunsa. Ƴan kasuwa su kawo kayan gini da allurar kaji tun da kaka, lokacin da manomi ke da hatsin sayarwa. Ɗan cin rani kuwa, kafin ya hau mota, ya hau soron gidansa ya duba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya kai mu damina lafiya, ya ba mu ruwa mai albarka, ya tsare mana gidajenmu da iyalinmu.