Doguwar wayar kuran: a dubi kaurinta kafin a tambayi kuɗinta

Rani ya shigo, aikin garka da na gini sun buɗe. Daga garake na Gulbin Maraɗi zuwa gonakin albasa na Galmi, injin ban ruwa mai aiki da kuran yana ƙara yawa. A cikin birane kuwa magina, masu walda da kafintoci ba su rabuwa da injin yanka da na huda. Dukansu abu guda suke jawowa daga nesa: doguwar wayar nan da ake kira ralonj. Mun ga ya kamata mu tsaya a kanta yau, domin ita ce aka fi rainawa cikin kayan aiki, alhali tana iya ƙona inji, tana iya tada gobara, tana iya kashe mutum.

Mai garka ya san tiyo. Siririn tiyo ba ya ɗaukar ruwa mai yawa, kuma in ya yi tsawo ruwan yakan iso ba ƙarfi. Haka waya take. Kuran da kamfanin NIGELEC ke bayarwa a gidaje volt 220 ne. In wayar siririya ce kuma doguwa, ƙarfin yana raguwa a hanya, ba ya isa ga injin yadda ya kamata. Sai ka ji injin yana gurnani, yana tashi da ƙyar, jikinsa yana zafi. Rannan sai ya ƙone, mai shi ya ce injin ne ba shi da kyau, ko kuwa tsautsayi ne. Sau da yawa laifin na waya ne.

Kaurin waya a rubuce yake a jikin robarta. In ka ga 3G1,5 ko 3G2,5, to 3 na nufin zare uku ne a ciki, lambar baya kuwa ita ce kaurin kowane zare. Mai 1,5 ta isa ga fitilu da ƙananan injuna in nisan bai yi yawa ba. Amma ga injin ban ruwa, da na walda, da kowane aikin da ya wuce mita 25, shawararmu a ɗauki mai 2,5 ko wadda ta fi ta. A dubi ƙaramin allon da ke manne a jikin inji, a nan aka rubuta wat ɗinsa. Ƙarfin doki ɗaya kusan wat 750 ne. Sai dai a tuna, lokacin da inji ke tashi yana jan kuran ninki uku ko fiye na abin da yake ja in ya daidaita, shi ya sa ba a auna masa waya cif-cif.

Wayar ɗaki, fara mai zare biyu, wadda ake sa wa rediyo da fanka, ba ta wurin aiki ba ce. Ta wurin aiki baƙa ce, robarta mai kauri da laushi, tana jure rana da ruwa da taku. A jikin irinta akan rubuta H07RN-F. Zarenta na uku, mai launin kore da rawaya, shi ne na ƙasa. In kuran ya ɓalle ya shiga ƙarfen inji, ta nan zai bi ya tafi ƙasa maimakon ya bi ta jikin mai riƙe da shi. Wasu sukan yanke shi, wai ba ya aikin komi. Kada a yi haka.

A kasuwa kuma akwai algus. Ana sayar da waya mai kama da jan ƙarfe, amma alminiyom ne aka shafa wa ja a sama. Ka roƙi mai kanti ya fere bakinta, ka kankare zaren da wuƙa. In fari ya bayyana, ka aje masa abinsa.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Wayar da ke naɗe a kan gangarta ba ta samun iska, zafi yana taruwa a tsakiyarta har roba ta narke. Shi ya sa ake rubuta lamba biyu a jikin gangar: kusan wat 1000 in tana naɗe, wat 3000 ko fiye in an warware ta. Ko da mita 5 kaɗai kake bukata, warware ta duka. Bayan an ɗan jima ana aiki, a taɓa robar da bayan hannu. In ta yi zafi, lodi ya yi mata yawa, a kashe.

Kada a jona waya bisa waya don a kai nesa, kada kuma a tura tsiraran zare cikin firiz a tokare da tsinken ashana. Mahaɗi ya zauna bisa busasshen katako ko a rataye shi, ban da cikin fangali ko bakin rijiya. Inda amalanke da dabbobi ke wucewa, a ɗaga wayar sama. Wadda ta yanke ko ɓera ya ci, ba a ɗaure ta da leda. A kai wa mai gyaran kuran. A tambaye shi kuma ya sa dijontar mai lamba 30 mA a inda wayar ta taso, domin ita tana yanke kuran nan take in ya fara bi ta jikin mutum. Mai gurup shi ma waɗannan ƙa'idodi sun shafe shi, kuma gurup a waje ake kunna shi, hayaƙinsa yana kisa a cikin ɗaki.

In kuran ya kama mutum, kada a taɓa shi da hannu, mai ceto ma zai kamu. A ruga a kashe kuran daga tushe. In ba hali, a tsaya bisa busasshen wuri a ture wayar da busasshiyar sanda. A cikin birni a kira masu kashe gobara a lamba 18. Ko da mutumin ya tashi ya ce lafiya lau yake, a kai shi gidan likita a ranar, saboda kuran yana iya rikita bugun zuciya, kuma ƙunarsa ta cikin jiki takan fi wadda ido ke gani a fata.