Maniyyaci, Ka San Abin da ke Cikin Jakarka

Duk wanda ya ɗaura niyyar zuwa ƙasar Sa'udiyya, ko don aikin Hajji ko don Umara, ya kamata ya sani cewa kuɗin kujera kaɗai ba ya shigar da mutum ƙasar. Akwai sharuɗɗa, kuma jami'an Jidda da Madina ba sa ɗaga wa kowa ƙafa a kansu.

Da farko dai sai fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, da bizar da ta dace da tafiyar. Sai katin shaidar rigakafi. Ana bukatar ɗan Nijeriya ya yi allurar ciwon shawara da ta sanƙarau, aƙalla kwana 10 kafin ya isa. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar cewa allurar shawara guda ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Game da guzuri kuwa, dokar Nijeriya ta wajabta wa matafiyi ya bayyana wa kwastan duk kuɗin da ya haura dalar Amurka 10,000. Wanda ya ɓoye, yana iya rasa kuɗin, ya kuma gurfana gaban shari'a.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne kaya. Goro, wanda yake abin girmamawa a wurinmu, yana cikin abubuwan da hukumar alhazai ke gargaɗin kada a ɗauka. Miyagun ƙwayoyi kuwa hukuncin safararsu a can yana kaiwa ga kisa. A watan Disamba na 2018 aka kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Madina saboda wata jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai a watan Afrilu na 2019 aka sake ta, bayan bincike ya wanke ta.

Saboda haka, jama'a, kowa ya ɗaure kayansa da hannunsa, ya ƙirga jakunkunansa a wurin awo, ya adana takardar shaidarsu. In wani ya ce ka riƙa masa saƙo, ka buɗe ka gani, in ya ƙi, ka ba shi haƙuri. Kunyar minti ɗaya ta fi zaman kurkuku a ƙasar da ba ka da kowa.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, amin.