Dakta B. B. Singh da Waken da Ya Gagari Wuta-Wuta

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Jibiya a ƙarshen damina, ya ratsa ta Daddara, zai ga gero a tsaye da wake yana yaɗo a ƙarƙashinsa, kamar yadda zai gani in ya ƙetare iyaka ya nufi Maraɗi. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Amma in mutum ya sunkuya a wasu gonakin, sai ya tarar waken ya yi rawaya ya tsumbure, a gindinsa kuwa ga wani ɗan tsiro mai fure launin shunayya. Wannan ita ce wuta-wutar wake, wadda masana ke kira Striga gesnerioides, 'yar'uwar wadda ke cin dawa da gero. Ta fi yin ɓarna a jigawa mai ƙarancin taki da ƙarancin ruwa, wato irin ƙasar wannan yanki, kuma in ta yi ƙamari tana iya hana manomi ko mudu guda.

Dalilin da ya sa noma da cira ba su gamawa da ita shi ne yadda take rayuwa. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, tsiro guda na zubar da dubbai, kuma suna iya kwanciya cikin ƙasa shekara da shekaru ba su mutu ba. Ba sa tsira sai sun ji wani sinadari da saiwar wake ke fitarwa. Da zarar sun tsira sai su liƙe wa saiwar, su huda ta, su riƙa tsotse ruwa da abinci. Kafin manomi ya ga tsiron a sarari, an riga an yi makonni ana yi masa sata a ƙarƙashin ƙasa.

Mutumin da sunansa ya fi fitowa a yaƙi da wannan annoba shi ne Dakta Bir Bahadur Singh, ɗan ƙasar Indiya. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Illinois ta Amurka, ya koma gida ya yi kimanin shekara goma yana inganta waken suya a Pantnagar. A 1979 ya kama aiki da Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi, wato IITA, da ke Ibadan, inda ya yi suna da fitar da waken da ke nuna cikin kwana 60. A 1990 ya dawo tashar cibiyar da ke Kano, ya zauna har ya yi ritaya a 2006. Wannan ƙaura ba ƙaramin abu ba ce, domin wake amfanin gonar arewa ne, kuma abokan gābarsa na ainihi a nan suke.

An riga an gano cewa wani waken gargajiya daga ƙasar Botsuwana, mai lamba B301, ba ya kamuwa da wuta-wuta. Sai dai ƙwayarsa ƙanana ce, ba irin farin wake mai girma da kasuwanninmu ke so ba. Tambayar ita ce: ta yaya wannan juriya ke bin jini? Singh da Farfesa A. M. Emechebe na Cibiyar Binciken Noma ta Samaru, Zariya, suka yi abin da kowane ɗalibin ilmin halittu ya karanta a darasin Mendel. Suka haɗa B301 barbara da wake mai kamuwa. 'Ya'yan farko duka suka fito da juriya. Da 'ya'yan suka barbari kansu, sai jikoki suka rabu, kashi uku masu juriya, kashi ɗaya mai kamuwa. Wannan lissafi na 3 da 1 alama ce ta ƙwayar gado guda ɗaya mai rinjaye. Suka buga sakamakon a 1990, aka sa wa ƙwayar gadon suna Rsg1. Malamai na iya ɗaukar wannan misali su ajiye kusa da na Mendel, don ɗalibai su ga dokar tana aiki a kan waken da suke ci a ƙosai da alale.

Tunda ƙwayar gado ɗaya ce, ana iya ɗauke ta a kai cikin wake mai kyau ta hanyar maimaita barbara da zaɓe. Aikin na bukatar haƙuri, kaka bayan kaka. Daga cikin abin da ya fito akwai IT97K-499-35. Lambar kanta labari ce: IT na nufin cibiyar, 97 shekarar 1997, K kuwa Kano. Farin wake ne mai jure wuta-wuta. A 2008 aka sake shi ga manoman Nijeriya da sunan SAMPEA 10, a Gana kuma ana kiransa Songotra.

To, ina ilmin kundin gado ya shigo? Kowace ƙwayar halitta ta wake na ɗauke da zaren gado, wanda masana ke kira DNA, a naɗe cikin ƙunshi 22, wato tagwaye 11. An rubuta saƙon da ke jikin zaren da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Singh ya san Rsg1 tana nan ne ta ganin aikinta a gona, amma bai ga rubutunta ba. Hakan na da wahala guda: wani lokaci tsiro kan tsira daga wuta-wuta don sa'a kawai, saboda irin bai faɗo kusa da saiwarsa ba, sai mai zaɓe ya ɗauka juriya ce. A 2004 Ousmane Boukar, ɗan Kamaru wanda daga baya ya riƙe aikin wake a tashar Kano, shi da abokan aikinsa suka samo wata alama a jikin zaren wadda ke tafiya tare da Rsg1. Da ita, ɗan ganye daga tsiron da bai wuce mako biyu ba ya isa a gane mai juriya. A 2009 Jianxiong Li da Michael Timko na Jami'ar Virginia suka ware wata ƙwayar gado ta juriya daga B301, suka kira ta RSG3-301. Aikinta kamar na mai gadi ne: da ta ji shigowar wuta-wuta sai ƙwayoyin halittar da ke wurin su mutu, barauniyar ta rasa hanyar kaiwa ga jijiyoyin abinci, ta bushe. Da suka kashe aikin wannan ƙwayar gado, sai B301 ya kamu.

A 2019 wani rukuni ƙarƙashin Stefano Lonardi da Timothy Close na Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside suka buga kundin gadon wake: haruffa kimanin miliyan 519 a jere, da ƙwayoyin gado 29,773. Ɗan'adam, mai haruffa wajen biliyan 3, ƙwayoyin gadonsa masu sarrafa furotin ba su wuce 20,000 da 'yan kai ba. Waken da suka zaɓa suka karanta kuwa shi ne IT97K-499-35. Saboda haka mai bincike a ko'ina, in zai kwatanta gadon wakensa, da waken Kano yake aunawa. A shekarar ce kuma aka amince da SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku na Samaru ya jagoranci fitarwa, mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanson wake. A kan SAMPEA 10 aka gina shi.

A ganina kuskure ne a ɗauka cewa an gama. Wuta-wutar wake kala-kala ce: ta Nijeriya da Nijar, mai suna SG3, daban take da ta Mali ko ta Burkina Faso, kuma a Zakpota ta ƙasar Benin akwai wadda ke cin B301 kansa. Irin da iska da ƙafar dabba ke ɗauka ba ya tsayawa a shingen kwastan. Shi ya sa masu inganta iri ke amfani da alamomin zaren gado don tara ƙwayoyin juriya fiye da ɗaya a cikin wake guda, abin da ke da wuyar tantancewa da ido a gona.

Ga manomin Daddara akwai sauƙi guda. Furen wake kan barbari kansa tun kafin ya buɗe, don haka wanda ya sami irin SAMPEA 10 na gaskiya zai iya ajiye iri daga girbinsa na wasu shekaru ba tare da juriyar ta ɓace ba, muddin bai bari ya gauraya da wani wake a masussuka ko a buhu ba. In kuma ya ga wuta-wuta ta fito a gindinsa, ya cire ta ya ƙone kafin ta yi fure, sannan ya sanar da malamin gona.