Kafin Ka Sayi Sabuwar Dikoda, Bi Wayarka Tukuna

Duk wanda ya shigo Magama daga Katsina, kafin ya kai shingen kwastan inda hanya ke wucewa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, in ya ɗaga kai zai ga rufin gidaje cike da kwanukan satilayit, waɗanda aka fi sani da dish, da kuma tsofaffin eriyoyi bisa dogayen sanduna. Gidajen 'yan'uwanmu masu bi ma haka suke. Sai dai a ziyarar gida gida da muke yi, mun lura da kuɗin da ake zubarwa a kan waɗannan kaya, da kuma hatsarin da ake jefa rai a ciki, alhali sau da yawa abin da ya lalace bai taka kara ya karya ba.

Bayan ruwan farko na wata damina, hoto ya ɗauke a gidan wani dattijon ikilisiyarmu. Aka ce masa dikoda ce ta ƙone. Ya ɗauki kuɗin da ya tanada domin taki ya sayo sabuwa, aka haɗa, shiru kake ji. Da muka je da wani saurayi daga zumuntar matasa wanda ya koyi aikin, sai ya bi waya tun daga ɗaki har rufi. Ashe an taɓa yi mata ƙari an naɗe da leda, ruwa ya shiga ya cinye jan ƙarfen. Ya yanke wurin, ya sa sabon mahaɗi, hoto ya dawo. Tsohuwar dikodar lafiyarta lau. Gonar baba kuwa ba ta ga taki ba a shekarar nan.

DAGA ERIYA ZUWA DISH

Manya za su tuna shekarun 1990, lokacin da eriya ce kaɗai abin dogaro. A juya ta wajen Katsina a nemi NTA, a juya ta arewa a nemi Télé Sahel ta Nijar. Mutane da yawa sun sha mamakin yadda tashar Nijar ke fitowa baƙi da fari, wani lokaci ma babu murya. Ba laifin eriya ba ne. Nijeriya ta bi tsarin PAL, Nijar kuwa ta bi SECAM irin na Faransa, sai akwatin da ke karɓar duka biyu yake nuna su daidai.

Daga baya abubuwa suka sake. StarTimes ta shigo a 2010, GOtv a 2011, tashar Arewa24 ta fara a 2014, kuma a 2016 gwamnati ta ƙaddamar da tsarin dijital a Jos. A tsohon tsari, in sigina ta yi rauni sai hoto ya yi yayyafi amma ana kallo. A sabon tsari kuwa hoto yakan daskare ko ya ɗauke gaba ɗaya. Shi ya sa ƙaramar matsala take kama da babba.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Taurarin ɗan'adam da ke aiko da hoto suna sama da tsakiyar duniya, nisan kimanin kilomita 36,000. Saboda haka daga Magama kwano kudu yake fuskanta: kudu maso gabas ga mai neman DStv, kudu maso yamma ga mai neman Nilesat. Kwanon yana tattara sigina ya zuba ta a ɗan kan nan da ke gabansa, wato LNB. Kan nan ba ya aiki sai da wuta, kuma dikoda ce ke aika masa bolt 13 ko 18 ta cikin wayar da ke kawo hoto. Ke nan in waya ta sami rauni, ba wuta, ba hoto.

ABIN DA ZA A DUBA

Da farko a kashe dikoda daga bango kafin a kwance kowace waya. A duba bakin wayar: zaren jan ƙarfe na tsakiya kada ya taɓa siraran zaruruwan da ke kewaye da shi. Ko guda ɗaya ya taɓa, hoto zai ɗauke.

Na biyu, a bi waya taku taku. Rana tana fasa robarta, ɓera da akuya suna cizonta, bakin kwanon rufi yana yanka ta. Waya guda mai kauri, irin da ake kira RG6, ta fi guntaye uku da aka harhaɗa. Araha ba ta ado. Inda za ta shiga ɗaki a bar ta ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa, don ruwa ya ɗiga waje maimakon ya bi ta zuwa ciki.

Na uku, a buɗe shafin sigina. In ƙarfi yana nan amma inganci babu, galibi iska ce ta goce da kwano, ko reshen bedi ya tare gabansa. A sa alama da fenti inda yake, a riƙa motsa shi kaɗan kaɗan, sannan a ɗaure notuna tamau. Bayan hunturu a share ƙurar da ta taru a bakin LNB.

Akwai kuma lokacin da haƙuri ne magani. Ruwa mai ƙarfi yana tare sigina har ya wuce. Wajen watan Maris, da kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, rana takan daidaita da bayan tauraron, hoto ya ɗauke na 'yan mintoci. Kada a taɓa komai.

RAI YA FI HOTO

A nan ne muke roƙonku, iyaye. Kada a tura yaro bisa rufi in hadari ya haɗu. Kada a ɗaga sandar eriya ta ƙarfe kusa da wayar lantarki. In ta taɓa, babu gyara. Doguwar sanda kuma tana bukatar waya mai kauri ta jan ƙarfe daga gindinta zuwa ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa, domin tsawa ta sami hanya. In an fara walƙiya, a cire wayar eriya da ta wuta duka. Masu janareto su bari ya daidaita kafin su kunna kaya. Wannan gargaɗi ya shafi majami'unmu ma, inda ake kafa kwano domin taron matasa.

A ƙarshe, wayar da ta kawo wa'azi da labarai ita ce ke kawo abin da ba ma so 'ya'yanmu su gani. Yawancin dikodoji suna da wurin kulle tasha da lambar sirri. Maigida da uwargida su zauna da mai gyara su zaɓi abin da zai zauna, kada a bar wa yara. In lokacin addu'ar iyali ya yi, a kashe akwati.

Kuɗin da ke hannunmu amana ce, ran 'ya'yanmu ma haka. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon su, ya kai mu ƙarshen damina lafiya. Amin.